Yadda ake rawar samba: inda ta fito da yadda ake aza ƙafa

Yawancinmu a bakin masu sharhin ƙwallo muka fara jin kalmar. Da zarar Birazil ta shigo fili da rigarta ruwan ɗorawa, sai ka ji an ce 'yan Samba sun fito. Sannan duk shekara, wajen Fabrairu ko farkon Maris, talabijin ta nuno bikin kalankuwa na birnin Riyo di Janero: mata da gashin tsuntsu a ka, tufafin da bai kai ya kawo ba, ƙugu na kaɗawa kamar an jona shi da lantarki. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka samba rawar ƙugu ce da nuna tsiraici. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na ga bidiyon wasu tsofaffin mata a jihar Bahiya, cikin buje mai faɗi har idon sawu, kai da ɗankwali, sun yi da'ira suna tafi, ɗaya a tsakiya tana tafiya kamar ƙasar ce ke jan ta. Ƙafafunta ba sa rabuwa da ƙasa, kuma ba sa tsayawa. A nan samba take, tsakanin tafin ƙafa da gwiwa. Duk abin da ake gani a sama daga can yake tasowa.

Daga gonar rake zuwa tsakar gidan Tia Ciata

Fataken bayi sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan huɗu zuwa Birazil cikin shekara ɗari uku da 'yan kai, adadin da babu wata ƙasa a nahiyar Amurka da ta kusance shi. An hana shigo da bayi ta teku a 1850, amma ita bautar ba a soke ta ba sai ranar 13 ga Mayu 1888. Birazil ce ta ƙarshe a duk nahiyar. Mafi yawan waɗanda aka kai daga yankin Angola da Kongo suke, kuma masana da yawa na danganta sunan rawar da kalmar semba ta harshen Kimbundu na Angola, wadda ke nufin haɗa cibiya da cibiya a fagen rawa. Wannan ɗabi'ar tana nan har gobe: mai rawa in za ta fita daga tsakiya, sai ta je gaban wadda take so ta gaje ta, ta kai cikinta kusa da nata. A Birazil umbigada suke ce mata.

Tsohuwar samba ta girma a yankin da ake kira Recôncavo, ƙasar rake da taba da ta kewaye birnin Salvador a Bahiya. Sunanta samba de roda, wato sambar da'ira. Kayan kiɗanta na talaka ne: tafi, ganga, ƙaramar garaya irin tasu, da faranti da wuƙa, ana karta bakin farantin da wuƙar. A 2005 hukumar UNESCO ta sa ta cikin manyan kayan gadon al'adun 'yan Adam.

A nan akwai abin da ya shafe mu. Bahiya ɗin nan an kai Hausawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804. Su suka shirya boren da aka bankaɗo a Salvador a 1807, suna cikin na 1809 da na 1814, sannan a Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi tawayen da tarihi ke kira na Malê. Ba ina cewa Hausawa suka ƙirƙiri samba ba, jijiyarta ta mutanen Angola da Kongo ce. Amma a titunan da wannan kiɗa ya tashi, akwai masu jin Hausa da suka ratsa su da kaya a ka.

Kafin a soke bauta da bayanta, mutanen Bahiya sun yi ta kwarara zuwa Riyo, wadda ita ce babban birnin ƙasar a lokacin, suka zauna a unguwannin bakin tashar jiragen ruwa da kewayen dandalin Praça Onze, yankin da aka laƙaba wa Ƙaramar Afirka. Iyayen gidan wannan al'umma mata ne, ana ce musu tias, kamar mu ce gwaggo ko inna. Wadda ta fi shahara ita ce Hilária Batista de Almeida, wato Tia Ciata, haifaffiyar Santo Amaro a Bahiya a 1854, ta rasu a 1924. Sana'arta sayar da kayan zaƙi a titi. A gidanta ake taruwa a ci a sha a yi kiɗa, wani lokaci kwana da kwanaki. A falo ana kiɗan da hukuma ba ta ƙi ba, samba kuwa tana can ciki, a bayan gida, domin a zamanin ɗan sanda na iya kama baƙin mutum da laifin zaman kashe wando don kawai ya gan shi da kayan kiɗa a hannu. Mawaƙi João da Baiana ya sha ba da labarin yadda aka ƙwace masa nasa, sai da wani sanata mai ƙarfi, Pinheiro Machado, ya ba shi sabo ɗauke da sa hannunsa kafin ya samu lafiya.

Daga wannan gida waƙar Pelo Telefone ta fito, wadda mawaƙi Donga ya yi wa rajista da sunansa a ƙarshen 1916, ta cika gari a kalankuwar 1917. Ita aka fi ambata a matsayin samba ta farko da ta yi suna a faifai. Rigima ta biyo baya, don abokan zamansa sun ce waƙar ta taron gidan ce, kowa da baitin da ya jefa.

Sambar da duniya ta sani yau kuwa, samarin unguwar Estácio ne suka gyara ta a ƙarshen shekarun 1920. Suna son kiɗan da za a iya tafiya da shi a titi ana rawa, sai suka sake masa zubi, suka shigo da babbar ganga mai riƙe lokaci. A 1928 Ismael Silva da abokansa suka kafa Deixa Falar, ma'ana "bar su su yi ta magana", ƙungiyar da ake ɗauka a matsayin makarantar samba ta farko. Kada sunan ya ruɗe ka, babu aji babu allo, ƙungiyar unguwa ce. A wannan shekarar aka kafa makarantar Mangueira mai launin kore da ruwan hoda. A 1932 wata jaridar wasanni ta shirya gasa tsakanin makarantun a Praça Onze, Mangueira ta cinye. Gwamnatin shugaban Birazil na lokacin, Getúlio Vargas, ta ga amfanin abin, rediyo ya ɗauka, kiɗan da ake kama mutum dominsa ya zama tambarin ƙasa. A 1984 aka buɗe Sambódromo, titin gasa mai tsawon kimanin mita 700 da Oscar Niemeyer ya zana. Har yau kowace makaranta tilas ta fito da rukunin baianas, dattawan mata masu manyan buje suna juyi, don tunawa da su Tia Ciata.

Kunne kafin ƙafa

Kada ka motsa tukuna. Nemi sambar da ba ta da sauri, irin wadda ake yi a zaune kewaye da tebur, ka saurara. Kiɗan bugu biyu-biyu yake tafiya: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne bugu na biyu ya fi na farko nauyi. Babbar gangar nan, surdo, ita ke faɗinsa: tum a hankali, TUM da ƙarfi. Ita za ka bi. Sauran duk ado ne a kanta. Pandeiro kamar ƙaramin bandiri yake, da 'yan faya-fayan ƙarfe a gefe. Tamborim 'yar mitsitsiyar ganga ce mai kaifin murya. Cuíca ita ce gangar da ke kuka kamar dariyar biri, sanda ce a cikinta ake murzawa da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma agogô, ƙarfe biyu a haɗe kamar kugen fada, sunan kuwa daga Yarbanci ne, tushe ɗaya da agogon da ke ɗaure a hannunka.

Yi tafi a kan bugu na biyu kawai, waƙa guda cur. In ka ɓace, tsaya, nemo surdo, koma. Sai ka iya wannan ba tare da ƙirgawa da baki ba sannan ka miƙe.

Wuri da takalmi

Fili kamar shimfiɗar tabarma guda ya isa. Daɓe mai santsi kaɗan ya fi, tayil ko siminti mai laushi. Kafet na kama ƙafa, gwiwa ce ke biyan kuɗin. Silifa ba ta yi, za ta fice. Ko dai ƙafa ba takalmi, ko takalmi mara tudu wanda ƙasansa ba ya manne wa daɓe. Mata, a ajiye mai tsini tukuna, sai an yi wata biyu ko uku. In da madubi dogo, jingina shi yadda za ka ga gwiwa zuwa ƙasa, ba fuska ba. Ɗauki minti biyar ka ɗumama jiki: juya idon sawu, ɗaga diddige ka sauke sau ashirin, miƙe sha-raɓa a jikin bango. Mai ciwon gwiwa ko na baya ya tambayi likita kafin ya fara.

Mataki na farko: lilon gwiwa

Tsaya ƙafafu kusa da juna, tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙirji a sama, kafaɗu a sake, ciki a ɗan ɗame. Maida nauyinka gaba kaɗan, kan tudun nan da ke bayan yatsun ƙafa, yadda za a iya zura takarda ƙarƙashin diddigenka. Yanzu sassauta gwiwa ka ɗan nutse, ka taso, ka nutse, ka taso, nutsawa ɗaya a kowane bugu. Ƙanƙanin abu ne, bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Duba madubi: in kanka na sama da ƙasa kamar mai sukuwa, ya yi yawa. Gwiwa da idon sawu su shanye motsin, kai ya zauna kusan wuri guda kamar ka ɗauko tulu.

Mutane na raina wannan mataki, suna tsallake shi. Shi ne rabin rawar. Ba shi kwana biyu.

Mataki na biyu: taku uku

Wannan ita ce samba no pé, sambar ƙafa, wadda mutum ke yi shi kaɗai, kuma ita ake gani a titunan Riyo. Taku uku ne a dama, uku a hagu, shi ke nan. Wahalarta ba a yawa take ba.

Nauyi a kan hagu. Kai ƙafar dama baya, tazarar rabin tafin ƙafa, ka sauka a kan tudun yatsu, ka ɗora mata nauyinka duka. Wannan shi ne "ɗaya". Ƙafar hagu da ta rage a gaba ta yi sauƙi, sai ka ɗan zame ta gaba kamar faɗin yatsa biyu, ka mayar mata da nauyi. Wannan shi ne "da", gajere ne, kamar ƙyaftawar ido. Sai ka jawo dama kusa da diddigen hagu, ta sake karɓar nauyi. Wannan shi ne "biyu". Yanzu hagu ce ba ta ɗauke da komai, ita za ta je baya: hagu baya, dama ta zame, hagu ta matso. Ka koma inda ka fara.

Faɗa da baki kana yi: baya, nan, matso. Baya, nan, matso. Dama, hagu, dama. Hagu, dama, hagu. Abin lura ɗaya: kowane taku sai nauyi ya sauya ƙafa gaba ɗaya. In ka ɗosana ƙafa kawai ba ka hau ta ba, a taku na gaba za ka tarar ƙafar da kake so ka ɗaga ita ke ɗauke da kai, sai ka harɗe. Gwada kanka: bayan kowane taku, ɗaga ɗayar ƙafar daga ƙasa. In ta ɗagu ba tare da ka yi tangaɗi ba, nauyi ya wuce.

A makon farko da na fara, ina ta fama a ɗaki da rana tsaka, ƙanwata ta leƙo ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Yaya, cinnaku ne suka shigo?" Gaskiyarta. Ina ɗaga ƙafa sama ina bugawa ƙasa, takun baya kuma ina kai shi kusan taku guda na tafiya. Washegari sha-raɓata kamar an yi mata bulala. Maganin da na samu shi ne tayil: na zaɓi guda biyu a jere, na ce ƙafata ba za ta fita daga cikinsu ba. Da takun ya ƙanƙance, sai bugun ƙasan ya ɓace da kansa, ƙarar da ke fita ta koma shuu-shuu, irin ta mai shara da tsintsiyar laushi. In kana jin dum-dum daga ƙafarka, tsalle kake yi.

Yi shi ba kiɗa har sai baki ya daina ƙirgawa. Sannan sa waƙa mai sanyi, ka shimfiɗa takun uku a kan bugu biyu: "ɗaya" a bugun farko, "biyu" a kan TUM ɗin surdo, "da" a matse tsakaninsu dab da na biyun.

Mataki na uku: ƙugu da hannu

Kada ka kaɗa ƙugu. Na san abin da ido ya gani ke nan, amma duk wanda ya fara da murguɗa ƙugu zai ƙare da ciwon baya da rawar da ba ta hau kiɗa ba. Ga yadda abin yake: ƙafar da ta karɓi nauyi gwiwarta na miƙewa, ɗayar kuma na lanƙwashewa. Gwiwa in ta miƙe, ƙugun wannan ɓangaren dole ya tura gefe da baya kaɗan. Tsaya ka gwada ba rawa: miƙe gwiwar dama ka saki ta hagu, sannan ka sauya. Ka ga ƙugu ya tafi da kansa? To haka ne a cikin takun, sai dai da sauri. Aikinka kawai kada ka ƙanƙame shi. A al'adar Riyo mata sun fi tsayawa a kan tudun yatsu su bar ƙugu ya yi magana, maza kuma sun fi sauke tafin ƙafa su sa gwanintar a saurin sawu da wasa da ƙafa. Kowa na iya ɗaukar wanda ya dace da jikinsa da kunyarsa.

Hannu kuwa, fara da ɗora su a ƙugu don ka ji abin da ke faruwa. Bayan kwana kaɗan sake su, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, nesa da haƙarƙari kamar ka saƙale lemo a hammata. Su yi tafiya irin ta mai tafiya: dama ta je baya, hannun dama ya zo gaba. Hannu ya fi ƙafa jinkiri, motsi ɗaya a duk taku uku. Daga ƙirji zuwa sama a natse, fuska a sake, ido a gaba. Kallon ƙafa na jawo kai ƙasa, kai kuma ya jawo kafaɗa, sai ka zama kamar mai neman allura.

Mataki na huɗu: sauri da yawo

Makaɗan makarantun Riyo, waɗanda kan kai mutum ɗari biyu zuwa uku a makaranta guda, suna kaiwa wajen bugu 140 a minti ko fiye. Gwanayen rawa, passistas, suna matse takun nan uku cikin bugu ɗaya. Kada wannan ya tsorata ka, kuma kada ka bi su yanzu. Sauke manhajar ƙirga bugu a waya, sa ta a 70, taku uku a bugu biyu. In ka yi minti biyu ba kuskure, ƙara biyar. Da ka kai wajen 120 a haka, koma 60 ka gwada taku uku a bugu ɗaya. Ƙa'idar ba ta canzawa: sauri na ƙaruwa, taku na raguwa. A ƙarshe takun baya bai fi faɗin yatsa uku ba, "nan" da "matso" kuma sun zama kamar rawar ɗari a ƙafa.

Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Sha-raɓa ce za ta fara kuka, in ta ɗaure tsaya ka miƙe ta. Zafi a cikin gwiwa kuwa ba na koyo ba ne, alama ce ƙafa na manne wa daɓe ko yatsu da gwiwa ba sa kallon wuri guda.

In takun ya zauna, fara yawo da shi. Don zuwa gaba, ƙara tsawon zamewar "nan" ka rage takun baya. Don komawa baya, akasin haka. Don juyawa, karkata kafaɗa kaɗan a kowane "ɗaya", ka cika zagaye a taku takwas, daga baya huɗu. Koyi tsayawa ma: a ƙarshen jimlar kiɗa makaɗa kan yanke ɗif, mai rawa ya daskare da ƙafa ɗaya a gefe, hannu a buɗe. Wanda ya iya tsayawa daidai da ganga ya fi burge 'yan kallo a kan wanda ya fi shi sauri.

Ta mutum biyu

Iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Samba de gafieira ta gidajen rawa ce na Riyo, ta samo jini daga tsohuwar rawar maxixe, ana riƙe da juna, ƙirgenta sauri, sauri, jinkiri, da wasan harɗe ƙafa mai yawa. Wannan sai da malami da abokin rawa.

Ɗayar ita ce ta gasar ƙasa da ƙasa, wadda malaman rawa a Turai, musamman Ingila, suka tsara a tsakiyar ƙarni na 20, bayan mawaƙiyar Birazil Carmen Miranda ta je Amurka a 1939 ta sa duniya sha'awar kiɗan Birazil. Ɗan Riyo in ya gan ta yakan yi murmushi, don ba ita ake yi a unguwarsu ba. Amma tana da daɗin koyo saboda komai a ƙirge yake, kuma kana iya yin takunta kai kaɗai. Saurinta bugu 100 zuwa 104 a minti. Ƙirgen "ɗaya, da, biyu" ne: na farko ya ci kashi uku cikin huɗu na bugu, na tsakiya kashi ɗaya, na ƙarshe bugu cikakke.

Takun tushe: dama gaba, hagu ta zo gefenta a kan yatsu da rabin nauyi, dama ta taka a wurinta. Sai hagu baya, dama ta zo gefenta, hagu ta taka. Abokin rawa na yin kishiyar haka, kai gaba shi baya. Na gefe: hagu ta je gefe, dama ta saƙala bayanta a kan yatsu, hagu ta taka a inda take, sannan a yi zuwa dama. Akwai volta, inda ƙafa ɗaya ke gittawa gaban ɗaya, ta bayan ta buɗa gefe a kan yatsu, a sake gittawa, ana tafiya a karkace kamar ƙaguwa: ɗaya da biyu da uku da huɗu. Sai bota fogo, mai sunan unguwar Botafogo ta Riyo: taka gaba a gicciye, ɗosana ɗayar a gefe da rabin nauyi, juyo kaɗan ka mayar da nauyi kan ta farko. Duk a kan lilon gwiwar nan na matakin farko suke hawa. In babu shi, fareti kake yi.

Miudinho, da yadda ake fita daga da'ira

Na bar wanda na fi so a ƙarshe, na tsofaffin nan na Bahiya. Miudinho na nufin ɗan mitsitsi. Tafin ƙafa duka a ƙasa, ƙafafu dab da juna, gwiwa a sake. Tura dama gaba faɗin yatsa ɗaya ba tare da ta bar ƙasa ba, tura hagu, tura dama, tura hagu, sau huɗu a kowane bugu in ka iya, sau biyu in kana farawa. Diddige ne ke ɗan dannawa, yatsu na share ƙasa. Girgizar na hawowa ta cinya ta isa ƙugu, kafaɗa kuma shiru. Daga nesa sai a ga mutum na sulalawa kamar an ɗora shi a kan faifai ana ja. Ya fi taku uku sauƙin ganewa, ya fi shi wuyar gwanancewa, don babu inda za ka ɓoye ƙafa mai nauyi. Tsofaffin suna da wasu takun da suka raɗa wa suna daga yadda ake cin jaca, wani ƙaton ɗan itace mai danƙo: yanka shi, raba danƙon, ɗauki ƙwayar. A na yankan, ƙafa ɗaya ce ke kai da komo a ƙasa kamar wuƙa, ɗayar na ɗauke da jiki.

In kun kai ku biyar ko shida a gida, ku gwada yadda ake yi a can. A yi da'ira, kowa na tafi, ɗaya ya ɗauki faranti da cokali. Mutum ɗaya ne ke shiga tsakiya. A wani salo na Recôncavo ba a shiga ana cikin rera baiti, sai mawaƙa sun kai aya kiɗa ya rage shi kaɗai. Mai shiga ta fara zuwa gaban makaɗa ta gaishe su da ƙafa, sannan ta zagaya da'irar da miudinho, tana bi ta gaban kowa. Ba a daɗewa. In ta gama sai ta tsaya gaban wadda ta zaɓa, ta buɗe hannu, ta ɗan turo ciki gaba, ko ta tafa hannu ta rusuna mata in ba a son haɗa jiki. Waccan ta shiga, ita kuma ta tsaya a gurbin da aka bari ta ci gaba da tafi.